Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da shugabannin unguwanninmu a Sudan: a raba wa mai jinya dare

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu limamai da malamai, masu unguwanni da kwamitocin masallatai, iyayenmu mata masu riƙe da adashi da tukwanen takiyya, wato ɗakunan girkin sadaka na unguwa, da ƙannenmu na ɗakunan agajin gaggawa, a unguwannin Hausawa na Gadarif, Kasala, Sinnar, Mai Wurno, Damazin, Wad Madani da Khartum. Allah ya gafarta wa malamai, ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da nisan kwana.

Mu 'ya'yanku ne, ma'aikatan jinya da ungozomomi da ma'aikatan tsaftar ruwa. Mun rubuto ne a kan mutum ɗaya da ba a lissafa shi idan annoba ta shigo unguwa, wato wanda ke zaune a bakin gadon mara lafiya. Galibi mace ce: uwa, ko mata, ko 'ya, ko suruka. Ita ke ba da ruwa, ita ke kwashe amai da gudawa, ita ke wanki, kuma a gidaje da yawa ita ake jira ta ɗora tukunya. Ana tambayarta ya mai jiki, ba a tambayarta yaushe rabonta da barci. Roƙonmu gare ku shi ne unguwa ta ɗauki wannan aiki ta raba shi, domin a cutar kwalara gajiyar mai jinya na iya zama ajalin mara lafiya, kuma tana iya kwantar da ita kanta.

Kun san halin da ake ciki. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. A watan Satumban 2023 aka sanar da ɓullar kwalara a Gadarif, a watan Agustan 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta sake sanar da wata, wadda ta faro daga Kasala. Zuwa Agustan 2025 waɗanda ake zaton sun kamu sun kusa 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 2,400. Gidan da a da mutum takwas ke kwana, yanzu ya ɗauki ashirin saboda 'yan'uwa da suka yi gudun hijira, banɗaki ɗaya, randa ɗaya. Mutane sun shiga wannan annoba da gajiyar yaƙi a jikinsu, da ta korona kafin ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona kaɗai ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, balle inda aka ɗora yaƙi a kai.

Da farko mu faɗi abin da ba ma so a yi mana kuskuren fahimta a kansa. Duk wanda ya fara gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, cibiyar kula da masu kwalara za a kai shi nan take, ana ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida har kan hanya. Babban mutum na iya zubar da lita guda a awa ɗaya idan ciwon ya yi tsanani, ya rasu kafin gari ya waye. Idan kuwa aka mayar masa da ruwan jikinsa a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Amma ko a cibiyar, ma'aikaci ɗaya na iya samun kansa da gadaje masu yawa, kuma hannun mai jinya ne ke kai kofi bakin mara lafiya.

Ku duba nauyin aikin da lissafi. Yaron da ruwan jikinsa ya ragu amma bai kai ga ƙarin ruwa ta jijiya ba, ana ba shi mililita 75 na ruwan gishiri da sukari a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 zai sha mililita 750. Da ƙaramin cokali mai ɗaukar mililita 5, cokali 150 ke nan, kusan cokali guda kowane minti ɗaya da rabi, har awa huɗu ba tsayawa. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Bayan nan, duk zawo ɗaya, ɗan ƙasa da shekara 2 zai sha mililita 50 zuwa 100, ɗan shekara 2 zuwa 9 ya sha 100 zuwa 200, babba ya sha iya abin da zai iya. Babba mai kilo 60 lita huɗu da rabi yake bukata a waɗannan awa huɗu na farko. Wannan aiki ne na wadda idonta biyu. Uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba za ta yi gyangyaɗi da cokali a hannu, kuma awa biyun da ta ɓace tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare sun isa yaro ya koma gidan jiya. Washegari a ce ta yi sakaci, alhali jikin ɗan Adam ne ya kai iyakarsa.

Kurakuran da gajiya ke jawowa sanannu ne a wurinmu, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Fakitin ruwan gishiri da sukari a cikin lita ɗaya cif ake zuba shi. Wadda ta gaji takan juye shi cikin kofin shayi don ta huta da aune-aune, sai gishirin ya yi yawa, ya ƙara janye ruwa daga jikin yaro, har yakan kai ga jijjiga. Ko a bar haɗin ya wuce awa 24 ana ta ba da shi, alhali zubarwa ake yi a sake sabo. Inda babu fakiti, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri ake sawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, kuma idon da ke cike da barci yakan juya lissafin. Sai kuma mantuwa da ƙwayar zinc ta yara, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Kulorin, sinadarin da ake kashe ƙwayar cutar da shi a hannu da kaya da wuri, ya fi wannan rikitarwa, domin haɗi uku ne, kowanne da aikinsa. Mai ƙarfi, kashi 2 cikin 100, na amai da kashi ne da gawa. Matsakaici, 0.2, na ƙasa ne da gado da bokiti da tufafi. Mai sauƙi, 0.05, shi ne na wanke hannu. Idan ruwan bilic na kasuwa ne mai ƙarfin kashi 5, haɗin farko kofi 2 na bilic ne da kofi 3 na ruwa, na biyu kofi 1 da kofi 24 na ruwa, na uku mililita 10 a lita guda. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin 65 zuwa 70, babban cokali 2 a lita ɗaya ya ba da mai ƙarfi, cokali 2 a lita 10 ya ba da matsakaici, cokali 1 a lita 20 ya ba da na hannu. A duba jikin kwalba kafin a auna, domin ƙarfin bilic ya bambanta. Matsakaici da na hannu kullum ake sabunta su, a ajiye a robar da ke da murfi nesa da rana, ba a cikin ƙarfe ba, kuma ba a gauraya kulorin da wani ruwan wanki saboda hayaƙin da yake fitarwa na ƙona ƙirji. Yanzu ku ɗauka dare ne, babu wuta, bokiti uku iri ɗaya suna jere. Ta tsoma hannu a mai ƙarfi, fata ta tsage, gobe ta ji tsoron wanke hannu gaba ɗaya. Ko ta zuba na hannu a kan gudawa, ta ɗauka ta kashe ƙwayar cutar, alhali tana nan.

Saboda haka abu na farko da muke roƙo shi ne a ɗauke wa mai jinya aikin haɗi. Kowace unguwa ta ware mutum biyu ko uku da aka koya wa aunawa. Kowace safiya bayan sallar asuba su zaga gidajen da ke da mara lafiya ko wanda aka sallamo, su haɗa kulorin, su ɗaura wa kowane bokiti ƙyalle mai launi dabam, ja ga mai ƙarfi, rawaya ga matsakaici, kore ga na hannu. Su kawo gorar lita ɗaya da aka yi wa alama don haɗa ruwan gishiri da sukari. Su sa ƙwayar tsaftace ruwa a jarka daidai da abin da aka rubuta a fakiti, su jira minti 30 kafin a sha. Ɗiban ruwa ma ya koma wuyan samari. A cibiyoyin kwalara ana lissafa lita 60 a rana ga mara lafiya ɗaya, lita 15 ga mai jinyarsa. Ko rabin wannan aka nema a gida, jarka biyu ce mai kilo 20 kowacce, kuma bai kamata wadda ta kwana a zaune ta ɗauko su ba.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar wannan wasiƙa, karɓa-karɓa. Mara lafiya ɗaya, masu jinya uku, kowa awa 8. In ba a samu uku ba, biyu su raba, amma kowannensu ya samu barcin awa 6 a jere aƙalla, a wani ɗaki ko a gidan maƙwabta inda ba zai ji nishin mara lafiya ba. Barcin da ake yi a tabarma kusa da gado ana farkawa duk bayan minti goma ba ya biyan bashin jiki. Babban mutum awa 7 yake bukata, kuma gyangyaɗin minti 20 da rana yana taimakawa amma ba ya maye gurbin na dare. A cibiyoyin da ba a barin fiye da mutum ɗaya ya shiga, a nemi izinin ma'aikata a riƙa musanya safe da yamma, wanda zai fita ya wanke hannu, a fesa wa takalminsa kulorin, ya sauya tufafi kafin ya taɓa yara.

Karɓa-karɓa na lalacewa ne a wurin miƙa aiki. Wadda ta karɓa ba ta san kofi nawa aka sha ba, wadda ta tafi kuma ba ta iya barci don tana tsoron an manta wani abu. Maganin wannan takarda ce guda a jikin bango, ko da bayan kwali ne. A ja layi duk kofi ɗaya da aka sha, layi duk zawo, layi duk amai, a rubuta lokacin fitsari na ƙarshe. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa a gwangwani uku. A ƙasan takardar a rubuta alamomin da ba a jira da su: mara lafiya ya kasa sha, ko yana amayar da komai, idanu sun zurma, an tsunkuli fatar ciki ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, fitsari ya ɗauke, jiki ya saki ko hankali ya gushe. Kusa da su a sa lambar mai raksha (babur mai ƙafa uku) ko mai karo (amalanken jaki) da ya yarda a tashe shi cikin dare, kuma kuɗinsa ya fito daga asusun masallaci ko na adashi. Rabin fargabar mai jinya rashin sanin abin yi ne idan abu ya ɓaci da tsakar dare. In ta san wa za ta kira kuma ta san ba za a tambaye ta kuɗi ba, zuciyarta ta samu wurin zama.

Akwai waɗanda bai dace a sa su a jerin ba: mai juna biyu, domin kwalara na jawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai, da tsofaffi masu ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda, da yara. Muna ganin ana barin 'yan mata 'yan shekara goma sha biyu da bokitin gudawa, kuma wannan ba daidai ba ne. Mai shayarwa da jaririnta ne ba shi da lafiya ta ci gaba da ba shi nono, amma wata ta karɓi wanki da kwashe-kwashe. Sannan wadda ke jinya ba ta girki, ba ta tsoma moɗa a randar gida. Wannan kariya ce ga sauran iyali, hutu ne kuma gare ta. Masu takiyya, ku sa gidan da ke da mara lafiya a farkon layi, a kai musu har ƙofa da zafinsa, ko adas ne ko balila ko asida, kuma a ware kwanon mai jinya da sunanta, domin in aka kawo a kwano ɗaya yara za ta tura wa ta ce ta ƙoshi.

Allah ya gafarta malamai, nan ne muke bukatar bakinku. Jerin karɓa-karɓa ba zai cika ba muddin maza na ganin jinya aikin mata ne. Ku kuka karantar da mu cewa Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa. Ku faɗi wannan a kan mumbari. Namiji ya kwana a kan mahaifinsa da ɗan'uwansa da ɗansa, miji ya karɓi cokali daga hannun matarsa. Ku kuma gaya wa mata cewa barci ba cin amana ba ne, domin da yawansu kunya ke hana su tashi, kada dangin miji su ce ta gudu ta bar shi. Hadisin da ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka bai ware mai jinya ba. Ku bayyana musu hukuncin tsarki da sallah ga wadda najasa ke taɓa tufafinta dare da rana, da sauƙin da shari'a ta yi mata, saboda wasu na ɗauke da damuwar cewa sallarsu ba ta karɓuwa kuma ba su da wanda za su tambaya.

Game da jikin mai jinya kanta, abubuwan ƙanana ne amma su ake fara yarwa. Ta sha ruwa duk lokacin da ta ba mara lafiya, da kofinta dabam, musamman a zafin da ke haura digiri 40. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ta tsallake. Jabana, wato gahawa, da shayi mai kauri suna riƙe ido, sai dai ƙarfinsu na daɗewa a jiki, kusan rabinsa na nan bayan awa 5, don haka wadda za ta sauka aiki ta kwanta ta daina sha tun da sauran lokaci. Muna gargaɗi da babbar murya a kan ƙwayoyin barci irin su diazepam da kuma tramadol da ake saya ba takardar likita: na farko yana sa nauyin barcin da ba za ta ji mara lafiya ba, dukansu biyu kuma suna kama mutum. Haka nan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wai don rigakafi ba ya hana kamuwa yadda ake zato, wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsafta su ne kariya, tare da rigakafin ɗigawa a baki idan masu yi sun zo unguwa. Idan ƙirji ya cushe, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ta fita waje, ta kafa ƙafafu a ƙasa, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida, kamar sau goma. Fitar da numfashi a hankali na rage gudun zuciya. Mai tasbihi ta haɗa shi da tasbihinta. Wayar ma a ajiye ta: hotunan yaƙi da saƙonnin WhatsApp na wane ya mutu, wance ta mutu, ba abin kallon mai shirin barci ba ne.

Ƙannenmu na ɗakunan agaji da masu girkin takiyya, wannan magana ta haɗa da ku. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci, wato gajiyar aiki da ta yi katutu, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe har mutum ya fara jin haushin waɗanda yake taimako, sannan aikin ya daina fita da kyau. Wanda ya fara yi wa masu layi tsawa ba lalacewa ya yi ba, hutu yake nema. Ku sa wa kowa ranar hutu guda a mako, a rubuce, kada ta zama sai wanda ya roƙa, domin mai ƙwazo ba zai roƙa ba. Ku yi aiki bibbiyu, kowa na lura da abokinsa, ya ci, ya sha, ya yi barci. Bayan aiki ku zauna minti goma ku sha shayi, wanda ke son magana a saurare shi. Amma kada a tilasta wa kowa ya sake ba da labarin mugun abin da ya gani dalla-dalla, an gano hakan ba ya warkarwa, yakan ma tayar da ciwon.

Wani lokaci abin ya wuce gajiya. Idan mutum ya yi mako biyu cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci ko da an ba shi dama, ko yana ta ganin abin da ya faru a mafarki da farke, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, to a kai shi wurin likita ko ma'aikacin lafiya mafi kusa. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, takan ba shi ƙofar magana. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari da makami daga inda yake. Addu'a da magani ba sa karo. Marigayi Dakta Tijani Al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi suna ne da haɗa hannu da malamai da shehunai wajen kula da irin waɗannan marasa lafiya, kuma wannan hanya muke roƙo ku bi da mu: ku yi addu'a, ku turo mana.

Sai ranar da aka yi rashi. Gawar mai kwalara na ɗauke da cutar sosai, don haka waɗanda aka horar ne za su yi mata sutura da safar hannu da kulorin mai ƙarfi, a gaggauta binnewa, a taƙaita taro, a bar rabon abinci da ruwa a kwano ɗaya, a ajiye wurin wanke hannu a ƙofa. Wannan na da zafi ga iyali, ya fi zafi ga wadda ta yi jinya, domin an hana ta yi wa gawar wanka da taɓawar ƙarshe, ga kuma tambayoyin masu ta'aziyya: me ya sa ba ku kai shi da wuri ba, me kika ba shi. Ku hana waɗannan tambayoyi. Ku gaya mata a gaban mutane cewa ta yi iya yinta. A sa ido a kan lafiyarta kwana 5, tunda cutar kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan kamuwa, in ta wuce haka lafiya babu dalilin gudunta a wurin ɗiban ruwa ko a kasuwa ko a gidan biki. A ci gaba da kai mata abinci da leƙa ta bayan an watse zaman makoki, a mako na biyu da na uku, lokacin da gida ya yi shiru kuma kowa ya koma harkarsa.

Duk wannan ba ya yiwuwa a tsara shi ranar da mutum ya kwanta. Kafin ruwan damina ya sauka, kafin kogin Gash ya cika a Kasala, kowane masallaci ya buɗe littafi: sunayen maza da mata da suka yarda su karɓi awa takwas a gidan da ba nasu ba, masu haɗa kulorin, masu ɗiban ruwa, mai raksha na dare, da wanda ke riƙe da asusu. A karanta sunayen bayan sallar Juma'a don kowa ya san ƙofar da zai buga. Koyar da aune-aunen da muka lissafa ba ya wuce yini ɗaya, kuma ma'aikatan lafiyar da ke zaune a unguwanninku za su zo da cokali da gora da bokiti su nuna, in kun kira su kun ba su wuri a farfajiyar masallaci ko a makarantar allo.

Wassalamu alaikum.

'Ya'yanku,
ma'aikatan jinya, ungozomomi da ma'aikatan tsaftar ruwa daga cikin al'ummar Hausawan Sudan.